Kowa Ya Auna da Mudunsa: Abin da Kunna Cikakken Nod na Bitcoin Ke Buƙata a Sabon Birni da Isa

A watan Satumba na 2021 wayoyi suka yi tsit a gabashin Sakkwato. An fara katse layukan sadarwa ne a Zamfara a farkon watan, kafin ƙarshensa kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar cewa matakin ya shafi ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jiharsa, har da Sabon Birni da Isa. An rufe hanyar Isa zuwa Marnona, an hana sayar da fetur a jarka, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da kayan masarufi. Sai dai mai POS na bakin tasha shi ma na'urarsa ta mutu a hannunsa, ɗan ci-rani da ke Legas ya rasa ta inda zai aiko wa tsohuwarsa kuɗin cefane, mutanen garuruwan bakin iyaka kuwa suka koma farautar sabis ɗin Nijar da layukan da suka sayo daga Maraɗi.

Ba a gama warkewa daga wannan ba sai canjin kuɗi ya zo. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuma takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutum na da kuɗinsa a banki, yana ganin adadin a waya, amma ba ya iya sayen mudun gero. A kasuwannin iyaka wasu suka koma ciniki da sefa. Kotun Ƙoli ce ta sassauta lamarin a ranar 3 ga Maris, 2023, da ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da yawo. Bayan 'yan watanni sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A ƙasar da Bagobirin Sabon Birni yake da dangi a Tsibiri da Gidan Rumji, wannan rufewar ta raba gida ɗaya biyu.

Sau uku ke nan cikin shekara uku mutanen wannan yanki suka ga hukuncin da aka yanke a nesa ya shiga tsakaninsu da abin da suka mallaka. Don haka ban yi mamaki ba da maganar kirifto ta samu kunnuwan matasa a nan, kamar yadda ta samu a Kano da Katsina da Zariya. Abin da ke damuna shi ne ƙofar da suka shiga ta ciki. A 2024 duk rumfar cajin waya da ka leƙa za ka tarar da yara sun sunkuya suna ƙwanƙwasa fuskar waya a Notcoin da Hamster Kombat da TapSwap, suna cewa mainin suke yi. Wasu sun shekara da shekaru suna danna Pi kowace safiya. A Afrilun 2025 CBEX ta rufta da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: lamba ce ke bayyana a waya, wani da ba ka taɓa gani ba ya ce maka kuɗinka ke nan, kai kuma ba ka da hanyar tabbatarwa.

Alhali ainihin abin da aka ƙirƙiri Bitcoin dominsa shi ne hanyar tabbatarwar. Sunanta cikakken nod.

A kasuwar hatsi, tsohuwar da ta san kanta ba ta barin mai awo ya auna mata da mudun da ba ta yarda da shi ba. Takan zo da nata, ko ta tsaya ta ga an cika an yi tozo. Cikakken nod mudu ne irin wannan. Bitcoin kundi ne guda ɗaya da aka fara rubutawa ranar 3 ga Janairu, 2009, ana ƙara masa shafi kusan kowane minti goma. Shafin shi ake kira bulo. Nod kwamfuta ce da ke karɓo shafukan nan tun daga na farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙa'ida: wanda ya kashe kuɗin nan nasa ne? Bai riga ya kashe shi a wani wuri ba? Wanda ya rubuta shafin bai ba kansa ladan da ya wuce abin da aka yanka ba? Tun Afrilun 2024 ladan bulo ɗaya Bitcoin 3.125 ne, kuma duka abin da za a taɓa samarwa ba zai wuce miliyan 21 ba. In bulo ya saɓa, nod ɗin ya yi watsi da shi, ko da kuwa kamfanin haƙa, wato mainin, mafi girma a duniya ne ya kawo.

An ga amfanin wannan a 2017. Manyan kamfanoni da masu haƙa da ke riƙe da mafi yawan ƙarfin na'urori sun yi yarjejeniya a New York cewa za su ninka girman bulo. Masu riƙe da nod da yawa suka ƙi sauya manhajarsu, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne in kundin ya yi nauyi, mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya riƙe nasa ba. A watan Nuwamba masu shirin suka janye. Wato an yi wannan rigimar ce, a wani ɓangare, saboda mutum irin wanda ke zaune a Isa da tsohuwar laftof.

Dole a faɗi wani abu tun da wuri, domin shi ne tambayar farko da kowane yaro zai yi: nod ba ya biya. Ko kwabo. Haƙa daban, nod daban. Haƙar Bitcoin a yau aikin na'urori ne na musamman masu shan wuta kamar injin niƙa, babu wayar da za ta iya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kunna maka nod kana samun riba kullum, riƙe aljihunka.

Na gwada abin da hannuna a Sakkwato, a kan laftof ta hannu da na sa wa Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da ake samu kyauta. Manhajar da akasarin nod-nod na duniya ke aiki da ita ita ce Bitcoin Core, ana sauke ta daga bitcoincore.org. Tana da fuska mai maɓallai ga wanda yake so, amma na zaɓi baƙin allo, inda ake rubuta umarni da hannu, don ya fi sauƙi ga kwamfuta mai rauni, kuma a nan ne mutum yake ganin abin da ke gudana a zahiri. Kafin a buɗe kunshin akwai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Tare da manhajar ana sauke wani ɗan fayil mai suna SHA256SUMS, mai ɗauke da tambarin lissafi na kowane kunshi. Ka rubuta

sha256sum --ignore-missing --check SHA256SUMS

in ta amsa da OK, abin da ka sauke bai canza a hanya ba. Daga nan ka duba sa-hannun masu gina manhajar da gpg. Mutumin da zai kunna nod don kada ya dogara da kowa, bai kamata ya fara da manhajar da aka turo masa ta WhatsApp ba.

Shirye-shirye biyu ne ke aikin. Na farko bitcoind, shi ne ma'aikacin da ke gudana a bayan fage. Na biyu bitcoin-cli, shi ne bakin da kake masa magana da shi. Dokokin gidan kuma ana rubuta su a fayil ɗin bitcoin.conf, cikin ɓoyayyar foldar .bitcoin. Ga abin da na ga ya dace da mai zama inda data ke da tsada, wuta kuma sai ta ga dama:

prune=550
blocksonly=1
listen=0
dbcache=1000
disablewallet=1

Kowane layi a nan yana da dalilinsa, kuma dalilan sun fi layukan muhimmanci.

Kundin Bitcoin ya haura gigabait 600. Ƙananan laftof da ake samu a kasuwa ba su da wurin ajiye wannan. Layin farko yana gaya wa nod ɗin ya karɓi kowane bulo, ya tantance shi, sannan ya share tsofaffin ya bar na baya-bayan nan kawai, kimanin megabait 550, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da manhajar ke yarda da shi. Abin da ba ya sharewa shi ne jerin duk kuɗin da ba a kashe ba tukuna, wanda da shi ake gane na gaskiya da na jabu. Duka-duka gigabait 20 ta wadatar. Irin wannan nod cikakke ne ta fuskar hukunci, babu ƙa'idar da yake tsallakewa. Kamar malamin kuɗi ne da ya bi tsofaffin rasitai duka ya fitar da abin da kowa ya mallaka, sannan ya kawar da takardun don ɗakin ya yi masa kaɗan.

Amma fa sharewa ba ta rage abin da za a sauke. Gigabait 600 ɗin nan sai sun bi ta cikin layinka. Wanda ke sayen gigabait biyu a mako zai kusa shekara shida kafin ya gama, a lokacin kuma kundin ya yi gaba. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi. Wannan shi ne katanga ta farko, kuma ba a tsallake ta da wayar hannu a Gatawa ko Kurawa. Hanyar da ta rage ita ce a ɗauki laftof ɗin a kai ta birni, inda ake da intanet mara iyaka, ta kwana biyu ko mako tana jan kundin, sannan a dawo da ita gida. Ko kuma wanda ya riga ya sauke ya kwafa maka foldar blocks a kan babban faifan SSD, ka kunna da umarnin -reindex, nod ɗinka ya sake bin shafukan da kansa. Kayan na wani ne, awon naka ne.

Bayan an ci wannan wahalar, sauran sauƙi. Bulo 144 ake samu a rana bisa ƙiyasi, abin da bai kai gigabait goma a wata ba in aka sa layi na biyu, wanda ke hana nod ɗin sauraron kowace hada-hadar da ba ta shiga bulo ba tukuna. Layi na uku yana rufe ƙofar masu shigowa daga waje, don kada ka riƙa ciyar da wasu da datarka. A layin waya ma da wuya wani ya iya isowa gare ka ta ƙofa mai lamba 8333, domin kamfanoni na haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Nod ɗinka zai fita da kansa ya nemo abokai goma, wannan ya isa.

Ranar da na rubuta bitcoind -daemon na buɗe fayil ɗin debug.log, na zauna ina kallon layuka suna gudu. Kowane layi bulo ɗaya ne, da lambarsa da kwanan watansa. Shekarun 2009 da 2010 da 2011 sun wuce kafin shayina ya huce, domin shafukan farko kusan wayam suke. Daga 2013 tafiyar ta fara nauyi. Da aka iso 2017 fankar laftof ɗin ta ɗauki kuka, ƙasanta ya yi zafin da sai da na ɗora ta a kan bulo biyu na siminti don iska ta ratsa. Lokaci-lokaci nakan rubuta bitcoin-cli getblockchaininfo in duba inda aka kwana. Akwai wani ma'auni a ciki da ke tashi daga sifili zuwa ɗaya, shi ke nuna nisan tafiya. A cikin layukan nan ne ake wucewa ta watan Agusta na 2010, lokacin da wani ya yi amfani da kuskuren manhaja ya ƙirƙiri Bitcoin sama da biliyan 184 a bulo ɗaya, aka gano, aka gyara cikin sa'o'i, aka yi watsi da shafin. Ba za ka gan shi a kundin ba, domin babu nod ɗin da ke karɓarsa.

A dare na uku aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ya daɗe da lalacewa, ba ya riƙe ko minti biyar. Da safe na kunna, manhajar ta ce rumbun bayananta ya lalace, sai an sake gini. A nan na fahimci raunin nod mai sharewa: tunda ya zubar da tsofaffin shafuka, ba shi da inda zai koma ya sake lissafi sai intanet. Kwana uku da ɗaruruwan gigabait suka tafi. Ba kullum yankewar wuta ke jawo haka ba, sau da yawa abin da ake asara shi ne aikin 'yan sa'o'i da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda layi na huɗu ke ware mata megabait 1,000 don aikin ya yi sauri. Amma sau ɗaya ya isa darasi. Na sayi sabon batir kafin in sake farawa, kuma tun daga ranar ba na rufe murfin sai na rubuta bitcoin-cli stop na jira ya kammala.

Shi ya sa nake ganin a yankinmu laftof ta fi ƙananan na'urori irin Raspberry Pi da ake yawan tallatawa a ƙasashen waje. Laftof tana zuwa da batirinta, da allonta, da agogon da ba ya tsayawa in an kashe ta. Agogo kuwa ba ƙaramin abu ba ne: nod ba ya karɓar bulon da lokacinsa ya zarce agogonsa da fiye da sa'a biyu, don haka na'urar da ta farka da kwanan watan bara za ta ɗauka duk duniya ce ta yi kuskure. Faifan sola ɗaya da batir, irin wanda masu cajin waya ke amfani da shi a kowane ƙauye, zai riƙe laftof. Ba dole ba ne ma ta kwana a kunne. Ana iya kunna ta da hantsi ta kamo abin da ya wuce ta, a kashe da la'asar.

To idan aka sake katse sabis fa? Nod ba ya mutuwa, yana tsayawa ne inda labari ya yanke. In an yi wata biyu babu layi, bulo kusan 8,640 ne za su taru, ranar da sabis ya dawo ya bi su ya cim ma sauran. Amma a tsawon wannan lokaci ba zai iya tabbatar maka cewa an biya ka yau ba, kai ma ba za ka iya aikawa ba. Tun 2017 kamfanin Blockstream ya fara watso shafukan kundin daga tauraron ɗan'adam, har da nahiyar Afirka, Starlink kuma ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. A Afirka ta Kudu wani matashi, Kgothatso Ngako, ya gina Machankura, wadda ke aika Bitcoin ta lambobin USSD a ƙaramar waya, sai dai ita ma tana buƙatar turken sabis a tsaye. Duk dabarar da aka kawo, ƙafarta na kan abubuwa ukun da suka fi ƙaranci a nan: wuta, layi, da kwanciyar hankali.

Na ukun shi ne dalilin layi na biyar. A Disamban 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda hakimi bai tsira ba, yaron da aka ji labarin yana da dala a kwamfuta ya jawo wa gidansu masifa, ko da abin da ke ciki bai kai kuɗin akuya ba. Masu kai rahoto ba sa bambance nod da asusu. Layin nan yana kashe ɓangaren walet, wato asusun, gaba ɗaya, ya zamana babu ko sisi a na'urar, kundi ne kawai wanda kowa a duniya ke da irinsa. Kuma kada a buɗe ƙofa mai lamba 8332 ga intanet, domin ta nan ake ba nod umarni. Sauran kariyar ba ta cikin manhaja: kama baki ne.

Wani zai ce, ba 'yan bindigar za a sauƙaƙa wa ba? Tambaya ce mai kyau. Abin da aka sani dai shi ne kuɗin fansa a wannan yanki da tsabar kuɗi ake biya, da babura, da buhunan abinci. Kundin Bitcoin kuwa a buɗe yake, duk abin da ya shiga ba ya gogewa, shi ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suka bi sawun ɓarayi ta cikinsa bayan shekaru. Ta fuskar doka, a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, a Disamban 2023 ya janye, a Maris na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar zuba jari da ta sanya kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar SEC. Malamai sun sha bamban a kan halaccin cinikinsa, kuma wanda zai sa dukiyarsa ya kamata ya tambayi malaminsa tukuna. Kunna nod dai babu saye babu sayarwa a cikinsa.

Ni abin da ya fi ja na ma ba kuɗin ba ne. Yaron da ya kunna nod ya riƙe shi wata shida ya koyi Linux, ya koyi tantance fayil, ya koyi karanta rahoton na'ura ya gano inda matsala take, ya san adireshi da ƙofofin sadarwa. Da wannan ilimin ake riƙe kwamfutocin bankuna da asibitoci da kamfanonin waya, kuma ana biyan masu shi ko daga ina suke aiki. Akwai ɗan Najeriya, Abubakar Nur Khalil, da ya shiga cikin masu gyara Bitcoin Core kanta tun yana matashi, a 2021 kuma aka zaɓe shi cikin mutum huɗu da za su jagoranci Btrust, asusun da Jack Dorsey da Jay-Z suka kafa da Bitcoin 500 don horar da masu rubuta manhaja, da Afirka a sahun gaba. Sa'o'in da yaranmu suka ƙarar suna ƙwanƙwasa hoton ɓera a 2024 sun isa su kai su rabin wannan hanya.

Kuma farawa ba ya buƙatar gigabait 600. Manhajar tana da wani fagen gwaji da ake kira regtest, wanda ba ya neman intanet ko kaɗan. Malamin kwamfuta a makarantar sakandare ta Isa, ko mai shagon buga takardu a Sabon Birni, zai iya kwafo kunshin a filasha, megabait 'yan gomomi ne. A rubuta bitcoind -regtest -daemon, a buɗe walet na gwaji da createwallet (a nan ba a sa layi na biyar), sannan a rubuta bitcoin-cli -regtest -generate 101. Nan take za a samu kundi mai shafi 101 da Bitcoin 50 na wasa, domin ba a iya kashe ladan bulo sai an ɗora masa wasu ɗari a kai. In akwai laftof biyu a haɗa su da waya ɗaya, wannan ya aika wa wancan, ɗalibi na uku ya gwada kashe kuɗi ɗaya sau biyu, sauran su matso kusa da allo su karanta dalilin da nod ɗin ya bayar na ƙin karɓa.